Farin Wuri a Ramin Ƙarshe

Tun makon jiya tifa ke zuwa tana juye jar ƙasa a bayan unguwarmu, daidai inda majemar mahaifina take a da. An ce shaguna za a gina. Ban hana kowa ba, ko na hana ma babu mai saurarena, domin filin ya daɗe da barin hannunmu. Abin da nake yi kawai shi ne in ɗauko kujerata bayan sallar la'asar in zauna a gindin dogon yaron da ke bakin hanya, ina kallon ƙasa tana cinye wani ɗan kwari da ya rage a wajen. Yaran unguwa sun ɗauka kwarin nan ruwan sama ne ya zaizaye shi. Ba ruwan sama ba ne, hannun mutum ne. Shi ne ramin ƙarshe cikin ramukan da Baba yake kwantar da ruwan jima, kuma da ni aka ƙara masa zurfi a shekarar da gemu ya fara fito mini. Idan aka rufe shi, ba abin da zai rage a garin Tambuwal wanda zai shaida cewa an taɓa yin wannan aiki, sai ni, ni kuwa ba daɗewa zan yi ba. Shi ya sa na ga gara in faɗi abin da na sani tun bakina yana motsi.

A zamaninmu majema a bayan gari take, saboda wari. Ba zan yi wa kowa ƙarya in ce warin nan daɗi gare shi ba. Fata ce ake jiƙawa ta kwana cikin ruwan toka har gashinta ya saki, a shimfiɗa ta a bayan turmi a kankare, a tsoma ta cikin ruwan kashin tattabaru don ta yi laushi, sannan ta shiga kwatarniyar bagaruwa ta sha har ta ƙoshi. Duk wanda ya yini a cikin wannan, ko ya yi wanka da sabulun salo sai an san daga inda ya fito. A masallaci akan ɗan matsa mana, a kasuwa 'yan mata masu tallar fura su toshe hanci suna dariya, mu ma mu taya su. Amma har yau in na rufe ido ina jin ƙarar wuƙar Baba a kan fata, ƙirt, ƙirt, da dakan bagaruwa da ake farawa tun rana ba ta yi zafi ba, da faɗuwar jiƙaƙƙen ƙirgi a kan dutse. Ina jin muryarsa yana cewa in juya fatun da ke shanya kada su bushe gefe guda. Mutum ne marar yawan magana, dogo, hannuwansa sun rine sun yi baƙi-baƙi har zuwa gwiwa. Ban taɓa ganin ya yi gaggawar komai ba, ko cin abinci ne, ko fushi.

Babbar wahalar jima ba fata ba ce, ruwan da aka gama aiki da shi ne. Baƙi ne, mai kauri, cike da gashi da kitse da guntayen nama da dusar bagaruwa. Ƙasa da majemarmu kuwa akwai wani babban tafki, wanda da rani shi ne abin shan dabbobin wannan yanki gaba ɗaya. Duk abin da muka zubar can zai gangara. Saboda haka tun kakanninmu aka haƙa ramuka a jere, wannan yana ƙasa da wancan, da 'yar magudana a tsakaninsu wadda ake toshewa da laka. A ramin farko ake zuba dagwalon, a bar shi. Mai nauyi ya nutse, kitse ya taso sama a yaɗe shi da ƙoƙo. Sai a ɗan buɗe magudanar daga sama, ba daga ƙasa ba, ruwan tsakiya ya silale zuwa rami na gaba, inda Inna take ba mu dakakken ƙwallon zogale mu barbaɗa. Daga nan ya wuce ramin ƙarshe. Lakar da ta taru a gindi kuma mu kwashe ta da kwando mu shanya, masu gonakin albasa su zo su ɗiba. Doka ɗaya Baba ya kafa a kan ramukan nan: ba a motsa su. Ko kaza ce ta nufi bakin rami sai ya kore ta a hankali, kada ta firgita ta faɗa ciki. In na ƙosa na ce ruwan ya yi, abin da yake ce mini bai wuce, “Bar shi shi kwanta,” ba. Da wannan kalma ya rene mu. In mun yi faɗa da ɗan maƙwabta, in wani ya zage shi a kasuwa, in Inna ta ɗauki zafi, duk maganarsa ke nan.

Duk shekara, da an gama kwashe amfanin gona, wasu Fulani sukan taso daga dazukan wajen Kebbe su sauka kusa da tafkin su ci rani. Shugabansu wani Ardo ne, siriri, mai fara'a, sa'ar Baba. Amincinsu ya girme ni. Daga hannun mutanen Ardo muke samun ƙiraga da fatun awaki masu kyau, Baba kuma yana jeme musu salka da agalemi da igiyar fata. Ardo ba ya kiran Baba da suna, sai Majemi, kuma kullum ya iso sai ya tsaya daga nesa ya ce shi tun daga Kebbe hancinsa ke nuna masa hanya. Baba ya ce ai wanda ke kwana da shanu ba shi da bakin yi wa kowa gorin wari. Ban san wani mutum da ke sa Baba dariya har haƙoransa su bayyana ba in ba shi ba. Ni Baffa nake ce masa.

Akwai wata al'ada a tsakaninsu, wadda suka gada daga iyayensu. Muddin shanu suna bakin tafki, ba a sakin ruwan ramin ƙarshe sai Ardo yana tsaye. Baba yana da wani farin wuri, irin na kuɗin da, ɗaure a zaren fata, a wuyansa yake rataye shi. Zai tsuguna a bakin rami, ya zura wurin cikin ruwa har iyakar tsawon hannunsa da zaren. Idan su biyun suna hango farinsa sarai, ruwa ya yi. Idan ya dushe, a ƙara jira. Bayan nan Baba zai kamfaci ruwan ya wanke fuskarsa a gaban Ardo, sannan ya fasa lakar magudana da hannunsa. Babu rantsuwa, babu shaida. Wanke fuskar nan ita ce alkawarin, ma'anarta abin da zan sa wa idona ba zai cuci dabbarka ba. Mu a wancan lokaci abin da muka sani ke nan, ruwan da ido ya ratsa shi ruwa ne mai kyau. Ba mu kaɗai ba, duk garin haka aka ɗauka, tun daga randar tsakar gida har zuwa rijiya.

Yanzu kuwa in ka bi ta lungunan garin nan, kowane gida ya huda katanga ya sako ruwan wankinsa da na bayinsa kan hanya. Mai wankin babur ya saki nasa, mahauci ya saki nasa, duk su haɗu a kwata guda da leda ta toshe, awaki suna sha, yara suna tsallakewa. Ba wanda ke tambayar ina ruwan nan zai je, balle wa zai sha. Mu da ake toshe wa hanci, ba mu taɓa sakin ko cikin ƙoƙo ɗaya ba sai mun san bakin da zai shiga. Wannan abu yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba, kuma 'ya'yana sun gaji da jin mitata a kansa.

Sai wata shekara damina ta yi gardama. Gero ya tsaya iya gwiwa, tafkin da a da yake kai wa har faɗuwar ruwan farko ya soma janyewa tun sanyi bai wuce ba. A lokacin na zama saurayi sosai, ni nake rabin aikin majemar, har an fara maganar aurena. Fatu sun yi yawa a kasuwa a shekarar, domin dabbobi suna ta faɗuwa ko'ina, fatake suna kawo busassun ƙiraga daga wuraren da ba mu ma san sunansu ba. Muka yi ta jiƙawa, ramukanmu suka cika maƙil, tafki kuwa ya koma tabo da ɗan ruwa kore a tsakiya. Wata safiya ina kankarar fata sai ga Ardo, ba wasan wari, ba dariya. Ya gaida Baba, ya tsaya yana kallon ramin ƙarshe kamar mai azumi yana kallon randa.

Ya ce, “Majemi, shanu sun kwan ba su sha ba. Buɗe muna wanga.”

Baba ya ce, “Bai ida kwanci ba, Ardo. Bari shi ƙara kwana.”

“In shi ya ƙara kwana, maruƙa ba su ƙarawa.”

Baba ya tsuguna a bakin ramin. Ya ciro wurin daga wuyansa ya zura. Ina tsaye a kansu, kuma na rantse da wanda raina ke hannunsa farin wurin nan ya fito sarai, har tsagar cikinsa ana gani. Ardo ya ce ga shi nan, me kuma ake jira. Duk da haka Baba ya daɗe a tsugune, domin a lissafinsa ruwan bai kai kwanakin da ya saba ba shi ba. Daga baya ya yi bisimilla, ya wanke fuskarsa, ya fasa magudanar. Ni da shi muka ja ruwan da fartanya har bakin tafki, shanu suka yo kansa suna ture juna. Ardo ya yi ta godiya da Fulatanci da Hausa.

Ba a yi kwana nawa ba saniya ta farko ta faɗi. Lafiyarta lau da safe, kafin azahar ta kumbura, baƙin jini yana fita ta hancinta, jinin da ba ya daskarewa. Fulani suka ce saifa ce. Sai ta biyu, sai ta uku, sai aka daina ƙirgawa. Cikin waɗanda suka mutu har da wata farar saniya da Ardo ya gada daga mahaifiyarsa, wadda yake kira da suna ta amsa. Na je rugar na gan shi tsaye a kanta, ya dogara da sandarsa. Baba bai samu zuwa ba, saboda a kwanakin nan wani maruru ya fito masa a damtse, marar zafi, mai baƙin ɓawo a tsakiya kamar gawayi, hannun ya kumbura, zazzaɓi ya kwantar da shi. Inna ta yi ta fama da jiƙe-jiƙe har Allah ya tashi kafaɗunsa. Ranar da ya iya miƙewa ya ce in raka shi ruga. Muka tarar da toka da turakun maruƙa da sawun shanu ya nufi kudu. Ardo ya tashi bai yi sallama ba, abin da bai taɓa yi ba tun suna samari.

Baba ya tsaya a tsakiyar kangon rugar nan, ya ce shi ya jawo. Ya san ruwan bai gama kwanciya ba ya buɗe, ya wanke fuska a kan abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba, ya kashe wa amininsa dukiya, kuma Ardo ya yi daidai da ya tafi da fushinsa. Na ce masa ai wuri ya nuna, ai Baffa ne ya matsa. Ya daka mini tsawar da bai taɓa yi mini ba, ya ce kada in sake ɗora laifi a kan mutumin da aka cuta.

Daga nan Baba bai ƙara zama daidai ba. Ya ci gaba da jima, amma ruwan da a da yake sakewa bayan 'yan kwanaki sai ya bar shi ya yi ta zama har ya ƙafe a rami. Duk kaka in aka gama girbi sai ya fara duban hanyar Kebbe. Wasu Fulanin sukan zo, ya tambaye su labarin Ardo a fakaice, su ce yana nan lafiya, sai dai yanzu ta wajen Dogon Daji yake zagayawa da shanunsa. Wannan zagaye ya ƙara tabbatar wa Baba cewa fushin bai huce ba. Inna ba ta da irin haƙurinsa. Wata rana tana tankaɗe a tsakar gida ta ajiye rariya ta ce masa, “Malam, Kebbe ba bangon duniya ba ta. Hau jaki ka tahi ka gane shi, ko zagi na shi zage ka ku huta.”

Ya ce, “Ba a zuwa ma mutum da zahi-zahi. Bari rai nai shi yi sanyi.”

Haka aka yi ta yi. Bana ya ce sai an yi shuka, baɗi ya ce sai an yi girbi. Yadda yake yi wa ruwa haka ya yi wa maganar, ya hana kowa ya taɓa ta. Ni da na ce zan je a madadinsa ya ce in na taka hanyar nan bai yafe ba. Ina son mahaifina, amma wannan hali nasa ya ba ni haushi ƙwarai, kuma har yau in na tuna yana ba ni. Sana'ar ma ta soma ja da baya, fatake suka koma kwashe ɗanyun fatu zuwa manyan kamfanoni. Na ɗauki matata na tafi Kano neman aiki. Ban daɗe a can ba aka aiko mini Baba ya rasu. Da na zo gida ta'aziyya, Inna ta ce har a ciwon ajalinsa in ya ji kukan shanu a bayan gari sai ya ce a leƙa a ga ko su wane ne. Ita ta ba ni wurin, na rataya a wuyana.

A Kano wani kamfanin jima ne ya ɗauke ni. Da suka ji ɗan majemi ne sai suka tura ni bayan masana'anta, inda ake gyara ruwan da aka gama aiki da shi kafin a sake shi, wurin da sauran ma'aikata suke gudu saboda wari. Ranar da na fara ganin tankin kwantar da laka, na daɗe a tsaye. Ƙaton abu ne na siminti, zagayayye, faɗinsa ya kai masussukar gero. Baƙin ruwa yana shigowa ta bututu a tsakiya, an riga an zuba masa alif, sai ya bazu a hankali zuwa gefe. A samansa akwai wata gadar ƙarfe da inji ke juyawa, tafiyarta ba ta fi ta hawainiya ba, sai ka sa mata ido sosai kafin ka yarda tana motsi. A ƙarƙashin gadar, can gindin tanki, akwai hannuwa masu bakin roba da ke share lakar da ta kwanta suna tura ta wani rami a tsakiya, famfo yana zuƙewa ya kai ta filin shanya. A saman ruwa kuma wani faranti yana yaɗe kitse da kumfa. Gefen tankin duk an yi masa haƙora kamar na zarto, ta tsakaninsu ruwan da ya washe yake zubowa siriri-siriri. Na ce a raina, wannan ai ramin Baba ne aka sa wa inji.

Shekaru masu yawa na yi a kan tankunan nan. Aikina in goge haƙoran da burushi kada gansakuka ta toshe wasu ruwan ya karkata gefe guda, in sa wa ƙafar gada giris, in saurari kukan inji, in san lokacin buɗe famfon laka. In ruwa ya shigo da ƙarfi fiye da kima, lakar takan tashi ta bi ta haƙoran ta fita. In kuma aka bar ta ta daɗe a gindi, sai ta ruɓe ta taso sama gunduwa-gunduwa, ta ɓata duk abin da ya washe. Wannan na biyun Baba bai taɓa gaya mini shi ba. Akwai kuma wani farin faifai a jikin igiya da muke zurawa mu ga iya inda ido ke kaiwa. Ranar da aka fara miƙa mini shi na yi dariya, sannan na juya baya don kada abokan aiki su ga idona.

Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne, ruwan da ya fito daga tankin garai-garai ba a sakinsa. Sai ya wuce wasu tankunan, a hura masa iska, a sa masa magani. Ni a ganina ɓarnar kuɗi ce kawai. Wata rana na faɗa wa matar da ke ɗakin gwaji, wadda take zuwa da kwalabe tana ɗibar ruwa. Ba ta yi mini dariya ba. Ta ce tanki abin da ke da nauyi kaɗai yake kamawa. Akwai abin da ya narke, akwai kuma ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, waɗanda ko shekara ruwa ya yi a kwance ba za a ce sun rabu da shi ba. Ta kai ni ofishinsu ta nuna mini wani hoto a bango, na gargaɗin masu taɓa ɗanyar fata. Hoton damtsen mutum ne da maruru mai baƙin ɓawo a tsakiya. Ta ce wannan ciwon saifa ne, daga fatar dabbar da cutar ta kashe ake ɗaukarsa, ƙwayarsa tana daɗewa a busasshiyar fata, in an jiƙa fatar sai ƙwayar ta bi ruwa. Na ce mata, to in da an ƙara wa ruwan kwana ɗaya ko biyu fa? Ta ce ko wata aka ƙara, dabbar da ta sha tana cikin haɗari.

Na fita na zauna a kan matakalar tanki, gada tana wucewa ta gabana tana dawowa. Ashe ba gaggawa ce ta kashe shanun ba. Wata fata ce cikin fatun fatake, Allah kaɗai ya san wacce. Mahaifina ya ɗauki laifin da ba nasa ba ya shiga kabari da shi, ga amsar a hannuna, babu wanda zan kai wa. Baƙin cikin da na ji ranar ya fi na ranar da aka aiko mini da rasuwarsa. Sai can na tuna akwai saura mutum ɗaya.

Da na samu hutu na zo gida, na hau babur ɗin haya zuwa Kebbe, ta hanyar nan mai ramuka da yashi da ke sa mutum ya sauka ya tura. A kasuwar shanu na yi tambaya, aka kwatanta mini rugarsu. Na tarar da Ardo a inuwar wata kirya, ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun yi fari. Na yi sallama na faɗi ko ni wane ne. Ya miƙo hannu ya ce, “Ɗan Majemi na? Matso in ji warin.” Na matsa. Ya shafa fuskata, hannunsa ya sauka a kan zaren da ke wuyana, ya bi shi har ya kama wurin. Daga nan bai sake shi ba.

Na gaya masa Baba ya rasu, ya ce ya ji tun a shekarar. Na kwashe duk abin da matar ɗakin gwaji ta faɗa mini na faɗa masa, na ce na zo ne in wanke mahaifina, don ya san ba sakacinsa ba ne, ya yafe masa. Sai ya ɗago kai kamar bai fahimce ni ba.

Ya ce, “In yahe mishi mi? Ni nic ce shi buɗe. Ya ce mini bai ida ba, nit tilasta shi. Sannan anka ce mini ga shi kwance, hannu ya kumbura, don ya taɓa ruwan saboda ni. Da wane ido za ni dube shi?”

Ya ce shi ya sa ya tashi ba sallama, shi ya sa yake zagayawa ta Dogon Daji, yana ƙara wa shanunsa tafiya, don kada su haɗu a hanya. Duk shekara yana cewa baɗi zai je, in abin ya ɗan kwana biyu. Maruƙa suna ta kuka a bayanmu. Sai ya tambaye ni abin da nake tsoron ya tambaya.

“Ya rasu shina ganin hushi nika yi da shi?”

Na so in yi masa ƙarya, domin tsoho ne, amma ban iya ba. Na ce, “I, Baffa.”

Bai yi kuka ba, Fulani ba su cika yi a gaban mutane ba. Ya laluba ya ɗauki sandarsa ya ce a kira mai babur. 'Ya'yansa suka ce hanya ba ta da kyau, jikinsa ba zai ɗauka ba, bai ko saurare su ba. Muka sa shi a tsakiya, ni ina riƙe da shi ta baya, ba nauyin komai a jikinsa. A maƙabartar Tambuwal na gane kabarin da wata aduwa da ke kusa da shi. Ya tsuguna ya yi addu'a mai tsawo, muka shafa. Sannan ya dafa ƙasar da tafin hannunsa ya ce, a hankali, yadda ake yi wa mai barci magana, “Majemi, ni na, Ardo. Na zaka. Ba hushi ba na, kunya ta.”

Da za mu koma ya ce in bi da shi ta majema. A lokacin an daina jima a wajen, amma ruwan sama ya taru a ramin ƙarshe ya kwanta. Na kai shi bakin ramin, ya tsuguna daidai inda Baba yake tsugunawa, ya kamfaci ruwan da hannu biyu ya wanke fuskarsa. Bai ƙara shekara a duniya ba bayan nan.

Ɗazu direban tifa ya ce mini gobe in Allah ya kai mu za su ƙarasa cike kwarin. Na ce masa to, Allah ya taimaka. Na roƙe shi abu ɗaya kawai, in ya zo juye ta ƙarshe ya yi mini magana, ina so in tsaya a wajen.